Aikin Asibitin Da Ba Shi Da Suna A Hausa

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama mutum a Kano ko Katsina ko Zariya, da zarar an sallamo shi daga asibiti magana ɗaya ce a bakin kowa, daga likita har maƙwabta: a riƙa kai shi gashi. Kalmar ta zauna daram. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san abin da ake nufi, ta san za a miƙe ƙafa a lanƙwasa, a sa shi ya taka tsakanin ƙarafa biyu. Bayan wata uku ko huɗu, in an dace, sai ka ga mutum ya miƙe yana dogara sanda, dangi suna ta hamdala.

Amma akwai sauran aiki da ba a cika ambata ba. Mutumin nan da ya fara takawa har yanzu ba ya iya ɗaure zariyar wandonsa. Ba ya iya riƙe buta ya yi tsarki, in ya tsuguna a banɗaki sai an shiga an ɗago shi. Tela ne, amma zare ya ƙi shiga allura. A tsarin asibitin zamani akwai ma'aikacin da aka horar shekaru domin wannan gurbin kaɗai, kuma ba shi ne mai gashi ba. Turawan Ingilishi na kiran fanninsa okupeshonal terafi, ma'aikatan asibiti su taƙaita su ce OT. A Hausa kuwa, zagaya kasuwa ka tambaya, da wuya ka samu sunan da mutum biyu za su haɗu a kansa. Wannan rashin suna, da kalmomin da muka gada game da ciwo da jinya, su ne ke yanke wa mutane abin da za su nema a asibiti da abin da ba zai taɓa faɗo musu a rai ba.

Mai gashi jiki yake dubawa: ƙarfin tsoka, motsin gaɓa, tsayuwa, tafiya. Shi wannan kuwa daga harkar mutum yake farawa. Me yake yi daga asuba zuwa dare kafin ciwo ya zo? Wanne ya gagare shi yanzu? Ta ina za a ɓullo? Wani lokaci a horar da hannun ta hanyar maimaita ainihin aikin, wani lokaci a sauya yadda ake yin aikin, wani lokaci kayan aikin ko wurin ake gyarawa. Mai shanyewar hannu ana koya masa ya fara zura mataccen hannun a riga kafin lafiyayyen, in zai tuɓe kuma ya fara da lafiyayyen. Cokalin da yatsu suka kasa damƙa sai a naɗa wa mariƙinsa soso ya yi kauri. Banɗakin tsugunno a ɗora masa kujera mai rami, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. A maye gurbin buta da bokiti mai famfo yadda hannu ɗaya zai wadatar. Yawancin waɗannan kafinta ko mai waldan unguwa zai iya yi da kuɗi kaɗan, abin da ake rasawa shi ne wanda ya san ya duba gidan ya ce ga abin da za a yi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Idan ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, wasu majinyata sukan manta da duk abin da ke hagunsu ko da idonsu lafiya lau. Za a ajiye masa tuwo ya cinye rabin dama ya bar rabin hagu, ya ce ya gama. Zai aske gefe ɗaya na fuska, ya riƙa karo da ƙofa da kafaɗar hagu. A gida sai a ce makanta ce ta fara, ko rikicin tsufa, ko ma iska. Alhali matsala ce sananniya da ake horar da mutum a kanta, a koya masa juya kai da gangan yana bin gefen da ya ɓace masa. Haka yaron da ya faɗa wuta lokacin hunturu, ko mai farfaɗiyar da ta kife a murhu: idan ƙuna ta warke ba tare da an ɗaure hannun a miƙe da abin ɗauri da aka ƙera daidai da shi ba, fata takan tsuke, yatsu su dunƙule, a wayi gari ciwo ya warke hannu ya tafi. Jaririn da shawara mai tsanani ko wahalar haihuwa ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana buƙatar a nuna wa uwarsa yadda za ta zaunar da shi, ta ba shi abinci ba tare da ya ƙware ba. Mai taɓin hankalin da magani ya kwantar masa da rikici yana buƙatar a maido masa da tsarin yini: tashi, wanka, cefane, zama cikin mutane. Duk aikin mutum ɗaya ne.

To ta yaya fanni mai faɗi haka ya ƙare da sunan da hatta Turawa masu harshen ba su gane shi ba?

A watan Maris na 1917 mutum shida suka taru a wani gida a garin Clifton Springs da ke jihar Niyok ta Amurka suka kafa ƙungiyar farko ta wannan fanni. Mai gidan, George Barton, mai zanen gine-gine ne da ya sha fama da tarin fuka, aka kuma yanke masa wani ɓangare na ƙafa, ya ga yadda aikin kafinta da lambu suka tashe shi daga kwance. Tare da shi akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton da Eleanor Clarke Slagle, wadda daga baya ta zama ginshiƙin fannin. Tunaninsu ya samo asali ne tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Philippe Pinel a Faransa da William Tuke a Ingila suka nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan aka kwance musu mari aka ba su abin yi. Kalmar da mutum shidan nan suka zaɓa, wato okupeshon, a Ingilishin wancan zamani, tana nufin duk abin da ke cika wa mutum lokaci da hankali. Wata guda bayan taron Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura mata zuwa asibitocin soja suna koya wa raunanan sojoji saƙa da sassaƙa da ɗinkin kwando.

Abu biyu suka biyo baya, kuma har yau fannin bai fita daga cikinsu ba. Na farko, hoton kwandon nan ya manne. Shekara ɗari ke nan ana yi wa ma'aikatan ba'a da cewa masu saƙa kwando ne, ko da a yau wasu daga cikinsu a ɗakin kula da marasa lafiya masu tsanani suke aiki. Na biyu, kalmar ta ƙuntata a bakin jama'a. Duk wanda ya taɓa cike fom na banki ko na fasfo ya san gurbin da ake tambayar sana'arsa, kuma kalmar da ke wurin ita ce sunan wannan fanni. Saboda haka Baturen da ya yi ritaya, idan aka ce za a turo masa wannan ma'aikaci, yakan ce shi ai ba aiki yake nema ba. Wasu kuma su rikita shi da sashen kula da lafiyar ma'aikata a masana'antu, wanda wani fanni ne daban.

Jamusawa sun ɗanɗana nasu. Sunan da dokarsu ta ba ma'aikacin a da yana nufin mai ba majinyaci abin shagala da aiki, kuma kalmar shagalar nan ta sa ana musu kallon masu rage wa marasa lafiya zaman banza. Suka yi ta fafutuka har aka sauya sunan a hukumance ranar 1 ga Janairu 1999 zuwa ergoterafi, daga kalmar Girkanci mai nufin aiki. Irin sunan da ake amfani da shi ke nan a Faransa da ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kamar Nijar da Chadi. Ribarsa ita ce babu wanda zai ji shi ya fahimci wani abu na kuskure, asararsa kuma babu wanda zai ji shi ya fahimci komai. A ƙasashen Larabawa, har da Sudan inda Hausawa suke da yawa, al-ilajul wazifi ake cewa, wazifa a nan tana nufin aikin albashi ko aikin da gaɓa take yi. Bahaushen da ya ji an ce wazifa kuwa, zuciyarsa zawiyya za ta tafi, wurin 'yan Tijjaniyya da farin ƙyalle a tsakiya.

Idan aka zo Hausa, fassarar da ke fara zuwa baki ita ce jinya ta hanyar sana'a, ko koyar da sana'a ga marasa lafiya. A ganina wannan ya fi rashin sunan illa. Sana'a a wurinmu abin neman kuɗi ce: ɗinki, ƙira, jima, dukanci. Da ka ambace ta an cire yaro ɗan shekara uku da ya kasa riƙe kansa, an cire tsohuwar da abin da take so kawai ta iya ɗaura zaninta, an cire matar auren da girki da raino ne suka gagare ta, tunda a bakinmu ba ma kiran wannan sana'a duk nauyinsa. Sai a bar fannin da matasan da za a koya wa haɗa takalmi, wanda aikin cibiyar koyon sana'a ne. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan linzamin wata hanya daban yake jan dokin.

Inda ba a yi wannan fassara ba, gashi ne ke haɗiye komai, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. Mai koyar da magana bayan shanyewar jiki mai gashi ne, mai ƙera ƙafar roba mai gashi ne, wannan ma mai gashi ne. Babu laifin masu gashi a nan, sun yi aiki a idon jama'a har jama'a suka raɗa musu suna, kuma da yawansu suna cike giɓin da iya ƙoƙarinsu. Illar ita ce da zarar ƙafa ta taka sai iyali su ɗauka an gama, domin a saninsu abin da aka je nema ke nan.

Sai dai matsalar ta wuce sunan fannin. Ta shiga cikin kalmomin da muke magana da su a kan ciwo gaba ɗaya, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Ɗauki magani. A wurinmu magani abu ne da ake sha, ko a shafa, ko a yi hayaƙi, ko a tsira wa mutum. Akwai mai bayarwa, akwai mai karɓa, kuma mai karɓa ba shi da aikin da ya wuce haɗiyewa da haƙuri. Gashi ya shiga wannan tsari cikin sauƙi domin ana yi wa mutum ne, yana kwance ana murza shi ana miƙe shi. Wannan fannin kuwa ya juya lamarin, majinyaci ne mai yi, ma'aikaci yana tsarawa yana kallo. Ka ƙaddara magidanci ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya bi layi, aka zaunar da shi aka ce ya riƙa tsintar wake daga faranti yana zubawa a kofi, ya sa maɓalli ya cire. Ya koma gida ƙanensa ya ce, "Yaya, me suka yi maka?" Ya ce, "Ba komai, wake suka sa ni tsinta." Da wuya a sake kashe kuɗin mota a mako mai zuwa. Ba wanda ya gaya masa, da harshen da zai gane, cewa maimaita ƙaramin motsi sau ɗaruruwa shi ne ke sa ƙwaƙwalwa ta buɗe wa hannu sabuwar hanya, kuma watannin farko bayan ciwon su ne lokacin da wannan ya fi saurin faruwa.

Sai jinya. Kalma ce mai daraja, kuma abin da take nufi a aikace shi ne majinyaci ya kwanta a yi masa komai. Ɗa nagari shi ne wanda da mahaifinsa ya miƙa hannu zai ɗauki kofi zai yi wuf ya ce, "Baba, ka bari, a kawo maka." Albarka yake nema, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma wani masanin Amurka mai suna Edward Taub ya nuna cewa hannun da ya raunana, idan mai shi ya gwada ya kasa ya koma ga lafiyayyen, ƙwaƙwalwa takan koyi yin watsi da shi, har ya rasa motsin da da zai iya dawowa. Daga nan aka samo hanyar horo da ake lulluɓe lafiyayyen hannun na wasu sa'o'i a tilasta wa mai ciwon aiki, ga waɗanda suke da ɗan sauran motsi a yatsu, kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci. Yi tunanin yadda wannan zai sauka a gidan Bahaushe: dattijo yana fama da lomar tuwo tana zubewa, 'ya'yansa suna zaune suna kallo domin an ce kada su taimaka. 'Yan dubiya za su fita suna cewa an wulaƙanta tsoho. Muddin ba a sami hanyar faɗa wa iyali cewa barin Baba ya wahala da lomar nan shi ma jinya ce ba, umarnin asibiti a bakin ƙofar asibiti zai tsaya.

Haka gaisuwarmu ta dubiya. "Ya jiki?" "Da sauƙi." Daga sauƙi sai warkewa, in warkewa ta ƙi sai a ce ya nakasa, a koma ga haƙuri. Tsakanin warkewa da nakasa akwai fili mai faɗi da ba mu raɗa wa suna ba, wato mutum ya koma kasuwarsa da masallacinsa da jikin da ba zai koma yadda yake ba. A cikin wannan fili fannin yake aiki. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsarin rarraba lafiya da nakasa wanda ya raba abin da ya sami gaɓa, da abin da mutum yake iya yi, da shigarsa cikin jama'a, ya kuma sa muhalli a lissafi. Mutum biyu za su iya samun rauni iri ɗaya a laka, ɗaya shagonsa a ƙasa yake ya ci gaba da ciniki a keken guragu, ɗayan ofishinsa a hawa na biyu ne babu na'urar hawa ya rasa aikinsa. Raunin ɗaya ne, nakasar ta bambanta, kuma ta biyun matakala ce ta jawo ta. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya, kusan ɗaya cikin uku, suna da lalurar da za ta amfana da irin wannan farfaɗowa.

Su ma sunayen da muke kiran mutanen suna da nasu nauyi. Gurgu, makaho, kuturu: a garuruwanmu kowanne har da sarkinsa, kuma tsarin ya ba su murya da kariya tun kafin zuwan Turawa. Amma a kunnen mai saurare sunayen sun daɗe da haɗuwa da kwanon bara, har ya zama in an ce wane ya nakasa an riga an yanke masa abin da zai yi da sauran rayuwarsa. Kafafen yaɗa labarai sun koma cewa masu buƙata ta musamman, wanda ya fi ladabi, ko da yake bai faɗi wace buƙata ba ce ko wa zai biya ta. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana amfani da su wajen bara, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce, kowa kuma na ganin matakalar bankuna da ma'aikatu. Abin lura shi ne doka tana buɗe gurbin aiki, amma wanda zai zauna da mutum ya tsara yadda zai isa teburin ya yi aikin shi ne ma'aikacin da ba mu san sunansa ba. Guragun Kano da shan inna ta kama suna yara, waɗanda suke walda suna ƙera kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, sun daɗe suna yin wannan aiki da kansu ba tare da kowa ya kira shi fanni ba.

Wani zai ce to a kira shi horon dogaro da kai. Ya fi sana'a kusa, amma shi ma yana da ƙaya biyu. 'Yan siyasa sun riga sun cinye kalmar, da ka faɗe ta mutane keken ɗinki da injin markaɗe za su hango. Ta biyun ta fi zurfi. Fannin ya girma ne a ƙasashen da babban burin tsoho shi ne ya zauna shi kaɗai a gidansa ba ya neman kowa. Wani malamin fannin ɗan Kanada mai asalin Japan, Michael Iwama, ya lura cewa ma'aikatan Japan suna shan wahala da ra'ayoyin da aka shigo da su daga Amurka, domin a wurinsu mutum ba ya tsayawa shi kaɗai a ware da danginsa. Tare da su ya tsara wata hanya da suka kira Kawa, wato kogi da Japananci, wadda aka wallafa a 2006: majinyaci ya zana rayuwarsa a matsayin kogi, ya nuna duwatsun da suka tare ruwan, da gaɓar da ta matse shi, wato iyali da muhalli. Darasin a gare mu a fili yake. Dattijon Bahaushe ba ya jin an rage shi don jikarsa ta kawo masa abinci ko ɗansa ya aske shi, girma ne ma. Abin da ke karya masa zuciya shi ne a shiga banɗaki da shi, musamman in surukarsa ce kaɗai a gida da rana. Kunya ce ke zana iyakar abin da dole mutum ya yi da kansa, kuma ma'aikacin da bai san wannan ba zai ɓata wata guda yana koya wa Alhaji haɗa shayi.

Ana ganin wannan giɓi a ma'aunan da ake gwada majinyata da su. Wanda ya fi shahara, ma'aunin Barthel na 1965, abu goma yake dubawa, daga cin abinci da wanka da sa tufafi zuwa hawa matakala, kuma a bayanin cin abinci har da yanka nama da shafa man shanu a burodi. Babu alwala a ciki, babu sujada, babu zama a tabarma da tashi daga kanta. Babu kuma tambayar da ke damun duk wanda hannunsa na dama ya shanye: da wane hannu zan ci, da wane zan yi tsarki, tunda ɗaya ya rage? Akwai waɗanda suke gwammace a ba su a baki da a gan su suna ci da hagu. Amsar wannan ba ta cikin littafin Turawa, tana wurin malamai, waɗanda suka san hukuncin lalura.

A nan ne ma nake ganin ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Musulmin Bahaushe ya riga ya san tushen wannan fanni ko da bai taɓa jin sunansa ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla, aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. Ba a ce a jira sai an warke ba, aka sauya yadda ake yi domin aikin ya ci gaba. Duk yaron islamiyya ya san wannan. Ma'aikacin da ya fara bayaninsa daga nan ya gama rabin aikinsa kafin ya taɓa hannun majinyaci.

Me ya sa to ba a jin irin wannan bayani? Wani ɓangare na amsar yana cikin inda ake horar da ma'aikatan. Dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu gashi da masu wannan fanni da masu koyar da magana rajista a Najeriya, wato a takarda an san da su tun tuni. Amma horon ya daɗe yana kudu maso yamma: makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, ƙarƙashin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ma'aikatan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da masu gashi, kuma da Ingilishi suka koyi aikin. Alaƙar fannin da asibitocin ƙwaƙwalwa tana da tarihi mai kyau, tunda a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta tare da danginsu, suna shiga harkokin gari suna karɓar magani. Sai dai ita ma ta bar tabo a fahimtar jama'a: wanda ya taɓa ganin sashen a asibitin masu taɓin hankali, inda ake saƙa da ɗinki, ba zai yi tunanin kai mahaifiyarsa mai shanyewar hannu can ba. Ma'aikacin da aka turo arewa ba ya jin Hausa kuma dole ya bi ta bakin ɗan majinyaci, a aikin da gaba ɗayansa tambaya ce game da banɗaki da wanka da shimfiɗa, abubuwan da uba ba zai faɗa a gaban ɗansa ba.

Daga nan abin yake zagayawa. Abin da ba shi da suna ba a tambayarsa, wanda ba a tambaya shugaban asibiti ba ya neman gurbinsa a kasafi, dalibin da ke cike fom na jami'a bai san da shi ba balle ya zaɓa. Ƙungiyar fannin ta duniya, wadda aka kafa a 1952, ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara domin wayar da kai, amma wayar da kan da aka yi da Ingilishi a ɗakin taro ba ta isa Rimin Gado.

Ba na tsammanin kwamitin fassara ne zai warware wannan. Sunayen cututtukan da suka zauna a bakinmu, hawan jini, ciwon sukari, shan inna, ƙanjamau, duk sun zauna ne domin sun faɗi abin da mutane suke gani ko suke ji a jikinsu. Idan ma'aikatan suka yi yawa, suka shiga gidaje, jama'a da kansu za su raɗa musu suna, wataƙila ma wanda ba zai yi musu daɗi ba. In da za a tambaye ni, kalmar harka ta fi sana'a da aiki dacewa, domin yaro yana da harkarsa ta wasa, tsohuwa tana da tata, kuma kowa ya san me ake nufi in an ce wane ya koma harkokinsa. Kafin sunan ya zo, jumla ta wadatar. Likitan da ke sallamar mara lafiya zai iya cewa, "Hajiya, ban da masu motsa miki ƙafa, akwai wanda aikinsa shi ne ya koya miki yadda za ki koma tuƙa tuwonki da ɗaura ɗankwalinki da hannun nan, ku tambaya a kai ku wurinsa." Matar da aka gaya wa haka ta san abin da za ta je nema, in kuma ta je aka ce babu mai yin wannan a asibitin, 'ya'yanta sun san abin da za su rubuta a takardar ƙorafi.